Soket ɗaya, tsara daban: dalilin da Core i7-8700 ya ƙi tashi a kan madabod H110 a wani shagon hoto a Garwa

Shagon na ɗaukar hoto ne da haɗa bidiyon biki, a unguwar Yelwa cikin Garwa. Kwamfutar tebur ɗaya ce ke ɗauke da aikin duka: hotunan fasfo da na katin shaida da safe, katin gayyata da kalandar biki da rana, da daddare kuma a bar ta tana fitar da bidiyon kamu ko na walima. Haɗin hannu ce, ba ta HP ko Dell ba. A cikinta akwai madabod, wato babban allon da sauran kayan ke hawa, Gigabyte GA-H110M-S2, furosesa Core i3-6100, RAM DDR4 sanda ɗaya ta gigabait 8, diski mai juyawa na terabait 1, da akwatin wuta marar suna da aka rubuta wat 500 a jikinsa. Windows 10 take amfani da shi, babu katin hoto na daban.

Ƙorafin Alhaji mai shagon shi ne jinkiri. Fitar da bidiyon biki ɗaya kan cinye rabin dare, idan kuma aka ɗauke wuta a tsakiya sai a koma farko. Ƙorafin na kan hanya, domin i3-6100 cibiya biyu gare shi, wato sassan da ke yin lissafi a cikinsa, da zare huɗu, wato layukan aiki huɗu a lokaci guda, a gudun gigahaz 3.7. Ya isa aikin ofis, amma haɗa bidiyo yana son cibiyoyi da yawa.

Yaron shagon ya duba kwalin madabod ɗin ya ga an rubuta LGA1151, sunan soket, wato gurbin da furosesa ke zama. Aka aika wa wani ɗan'uwan Alhaji a Yawunde cewa ya nemo “i7 mai soket 1151”. Ya samo Core i7-8700 na hannu, mai cibiya shida da zare goma sha biyu. Kayan ya biyo jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga nan mota ta ƙaraso da shi Garwa. Yaron ya cire tsohon, ya ɗora sabon, ya zauna daram, ƙarfen ya rufu ba tare da an tilasta shi ba. Da aka kunna, fanka ta juya, allon kallo ya tsaya baƙi ƙirin. Ya canza wayar VGA, ya goge bakin RAM, ya cire batirin madabod ya mayar, ya ciro furosesan ya sake zaunar da shi, shiru. Daga nan aka kai wa mai gyara.

Abin da aka fara dubawa

Kafin a ce komai game da sabon furosesa, sai an tabbatar madabod ɗin bai mutu ba. Aka zare wayar wuta daga bango, aka danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wutar ta fice, aka ɗaga ƙarfen soket aka ɗauke furosesan ta gefe biyu, a miƙe, ba tare da jan sa ba. A irin wannan soket allurai na jikin madabod ne, guda 1151, sirara ƙwarai, furosesan kuma filin zinariya kawai gare shi a ƙasa. Hanyar duba su ita ce a haska fitilar waya daga gefe, a kwance, a riƙa juya allon a hankali. Allurai masu lafiya duk suna ƙyalli iri ɗaya a jere. Wadda ta lanƙwashe za ka ga ta yi duhu ko ta yi haske ita kaɗai. A nan an sami guda ɗaya kusa da kusurwa da ta ɗan karkace, alamar yawan cirewa da mayarwa. Aka ɗago ta da bakin allurar sirinji, kaɗan-kaɗan. Ba a ga ƙuna ko baƙi a kan allurai ko a ƙasan furosesan ba.

Aka mayar da i3-6100, kwamfuta ta tashi har cikin Windows. Madabod na raye ke nan, RAM ma lafiya.

Saura furosesan da aka sayo. Kasuwar kayan hannu ba ta rasa algus: akwai wanda ake goge rubutun murfinsa a sake bugawa, akwai samfurin gwaji na masana'anta da ake gane shi da rubutun Intel Confidential da lamba mai farawa da Q. Na gaskiya i7-8700 yana ɗauke da lamba SR3QS a murfinsa, wannan ma haka yake. Aka ɗora shi a kan wani madabod na gwaji mai cifset H310 (cifset shi ne cif ɗin da ke tsara ayyukan madabod), ya tashi nan take, manhajar CPU-Z ta nuna cibiya shida da zare goma sha biyu. Ɗan'uwan Alhaji bai sayo jabu ba, mai sayarwa ma bai cuce shi ba. Abin da aka ce a kawo shi aka kawo.

Alhaji ya ce, “To Malam, idan ba nasa ba ne, ta yaya ya shiga ya zauna?” Mai gyara ya ce, “Allah ya ba ka nasara Alhaji, makulli kan shiga kwaɗon da ba nasa ba, amma ba zai murɗa ba.”

Inda matsalar take

Intel ta yi amfani da sunan LGA1151 ga iyali biyu da ba sa jituwa. Na farko ya fito a 2015 da tsara ta 6, Skylake, tare da cifset jerin 100: H110, B150, H170, Z170. A farkon 2017 tsara ta 7, Kaby Lake, ta biyo baya da jerin 200: B250, H270, Z270. Waɗannan tsara biyu suna musayar alluna. A Oktoban 2017 sai tsara ta 8, Coffee Lake, ta zo da Z370, sannan H310 da B360 da H370 suka fito a 2018, tsara ta 9 ma ta hau kansu. Girman furosesa bai canza ba, yawan allurai bai canza ba, hatta tsagar gefen da ke hana a saka shi a juye tana wuri ɗaya. Shi ya sa yake zama lafiya lau.

Abin da ya canza yana ciki. Don ciyar da cibiya shida, an ɗauki wasu alluran da a da aka bar su ba aiki aka mayar da su na wuta da na ƙasa. Masu kai wuta ga cibiyoyi sun tashi daga 128 zuwa 146. Bayan haka BIOS na madabod H110, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, ba shi da lambobin da zai gane furosesan tsara ta 8 da su, sashen Management Engine da ke cikinsa ma na tsohuwar tsara ne. Idan BIOS bai gane furosesa ba, ba ya kaiwa ga kunna RAM balle hoto, shi ya sa ko saƙon kuskure ba ya fitowa. Kuma babu wani sabon BIOS daga masana'anta da zai gyara wannan. Rufin H110 shi ne tsara ta 7.

Duk wannan ana gane shi cikin minti biyar kafin a kashe ko dala ɗaya. A karanta cikakken sunan madabod, wanda ake bugawa da manyan haruffa tsakanin soket da ramin katin hoto, da lambar bita da Gigabyte ke sawa a kusurwar allo. Idan ba a son buɗe akwati, a rubuta msinfo32 a Windows ko a duba a CPU-Z. Sai a shiga shafin masana'anta a buɗe jerin furosesocin da allon ke karɓa. Jerin yana nuna sunan kowane furosesa da sigar BIOS ɗin da ya fara aiki da ita. Wanda ba ya cikin jerin, ba ya aiki, ko da mai sayarwa ya rantse. Cikakken suna yana da muhimmanci: wannan allon yana da ɗan'uwa mai kusan suna ɗaya wanda DDR3 yake ɗauka, ba DDR4 ba.

A waɗannan furosesocin, lambar farko bayan layin suna ita ce tsara: 6100 ta shida, 8700 ta takwas. Tarkon kuma bai tsaya a 1151 ba. A LGA1200, allunan H410 da B460 suna karɓar tsara ta 10 amma ba ta 11 ba. A LGA1155, tsohon H61 sai an sabunta masa BIOS kafin ya ɗauki tsara ta 3. A AM4 na AMD ma, tsofaffin A320 da B350 ba sa tashi da Ryzen 5000 sai da sabon BIOS.

Hanyoyi uku da aka auna

Ta farko ita ce wadda wasu ke nunawa a bidiyon intanet: a gyara BIOS da hannu, a cusa masa lambobin Coffee Lake, a rufe wasu filaye a ƙasan furosesa da tef, a haɗa wasu biyu. Tana aiki a wasu alluna, ba ƙarya ba ne. Amma ba a ba mai sana'a shawarar bin ta. Tana buƙatar na'urar rubuta cif ɗin BIOS kai tsaye, kuskure ɗaya na iya ƙona allurai, kuma ko ta yi nasara, sashen rarraba wuta na ƙaramin H110, wanda ba shi da ƙarfen sanyaya a kansa, ba a gina shi don cibiya shida su yi ta aiki awa uku a zafin Garwa ba. Kwamfutar da ake cin abinci da ita ba wurin gwaji ba ce.

Ta biyu ita ce a musanya 8700 da wanda allon ke karɓa: i7-6700, ko i7-7700 mai cibiya huɗu da zare takwas. Na shidan yana tashi kai tsaye. Na bakwan yana son BIOS sigar F20 zuwa sama, kuma dole a yi sabuntawar da tsohon i3 a ciki, domin wannan allon ba ya iya rubuta BIOS ba tare da furosesa mai aiki ba. Mutane da yawa kan sayar da tsohon tukuna, sannan su gane suna buƙatarsa. Ana sauke fayil ɗin da ya dace da sunan allo da lambar bitarsa, a zuba a filas da aka tsara da FAT32, a danna End lokacin tashi don shiga Q-Flash, a bar shi ya gama ba tare da an taɓa komai ba. Mintuna kaɗan ne, amma idan wuta ta ɗauke a cikinsu allon na iya mutuwa. A Garwa, inda wuta ke yawan yankewa a ƙarshen rani idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, ba a yin wannan aikin sai da onduleur, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, mai cikakken caji a tsakani.

Wannan hanya ta fi sauƙi, sai dai tana da aibu uku. Mayar da kaya Yawunde da jiran wani yana cin makonni da kuɗin mota. i7-7700 yana riƙe farashi a kasuwar hannu saboda shi ne ƙarshen abin da masu irin waɗannan alluna za su iya sawa, don haka za ka biya da tsada ka sami cibiya huɗu a madadin shida. Na uku, Windows 11 ba ta karɓar tsara ta 6 da kusan duk ta 7 a hukumance, daga ta 8 ta fara, ga shi Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025.

Ta uku aka ɗauka: a riƙe furosesan, a canza madabod. Abin da ya sa lissafin ya fita shi ne RAM ɗin DDR4 ce, za ta koma sabon allo. Da a ce allon DDR3 ne, sai an sayi RAM gaba ɗaya, domin DDR3 haƙora 240 gare ta, DDR4 kuma 288, tsagarsu ma ba wuri ɗaya take ba. Akwatin kuma na gama-gari ne. Da kwamfutar irin Dell OptiPlex ce ko HP EliteDesk da suka cika kasuwa, da magana ta canza, saboda a yawancinsu siffar allo da filogin wuta da wayoyin gaba duk na kamfanin ne shi kaɗai, allon kasuwa ba ya shiga.

Tsakanin H310 da B360 an zaɓi B360 na hannu, ƙirar micro-ATX, mai ramin RAM huɗu, da ramin M.2 na saka diskin SSD mai sauri, da ƙarfen sanyaya a kan sashen wuta. H310 ya fi araha kuma zai tayar da 8700, amma galibinsa an yi shi ne da i3 da Pentium a rai. An duba bayansa an ga yana da bakin VGA, tunda allon kallo na shagon tsoho ne, kuma an nace sai an haɗo da farantin bayansa. Allunan hannu kan zo babu shi, ramin da ya bari kuwa ƙofa ce ga ƙurar hunturu da tsaka da kyankyasai.

Abubuwa biyu da ba a yi lissafinsu ba

Na farko akwatin wuta. Wat 500 da ke jikinsa talla ce. Abin dubawa shi ne layin +12V a takardar gefensa, a nan an rubuta amfiya 15, wato wat 180 ke nan idan ma takardar ta faɗi gaskiya. Filoginsa na furosesa mai baki huɗu ne da siraran wayoyi, sabon allon kuma mai baki takwas yake da shi. Mai huɗun yana shiga rabin ramin kuma sau da yawa kwamfuta ta tashi, amma an rubuta wa 8700 wat 65 ne a gudunsa na tushe, gigahaz 3.2, idan ya hau turbo da duk cibiyoyinsa yana haura wat 100 a alluna da yawa. Aka sayi akwatin wuta na wat 450 na kamfanin da aka sani, mai filogin 4+4. A kula: filogin 6+2 na katin hoto ne, wayoyinsa a juye suke da na furosesa, kada a tura shi da ƙarfi a ramin da ba nasa ba.

Na biyu fanka. Ramukan ɗaure fanka iri ɗaya ne a 1156 da 1155 da 1150 da 1151 da 1200, don haka ƙaramar fankar i3 ta zauna. An gwada ta don a gani: cikin 'yan mintuna da fara fitar da bidiyo zafi ya kai digiri 100, furosesan ya fara rage gudu da kansa don kada ya lalace. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40, shagon kuma rufin kwano ne, iskar da fanka ke ja tun daga farko mai zafi ce. Wanda ya sayi cibiya shida ya bar su da wannan fanka ya yi asarar rabin kuɗinsa. Aka sa doguwar fanka mai bututun tagulla huɗu, bayan an auna faɗin akwatin an tabbatar murfi zai rufu, aka ƙara fanka ɗaya a baya tana fitar da iska.

Haɗawa

An fara haɗa allon a waje, a kan kwalinsa: furosesa, fanka, RAM ɗaya, wuta, allon kallo. Alamar kusurwa uku ta furosesa ta dace da ta soket, a ajiye shi ya faɗa da nauyinsa. Tsohon man sanyaya an goge shi da alkol na kantin magani, aka ɗiga sabo a tsakiya, faɗin kamar milimita biyar, aka ɗaure fanka kusurwa da kusurwa. Man goge baki da wasu ke shafawa yana bushewa cikin kwanaki, kada a yi. Tashin farko na iya ɗaukar kusan minti ɗaya allon kallo na baƙi, har ta kashe kanta ta sake tashi, saboda madabod na daidaita RAM. A yi haƙuri kafin a zare waya. Agogon BIOS ya nuna tsohuwar shekara, aka canza batirin CR2032.

A cikin akwati, tsohon allon ya fi sabon ƙanƙanta, don haka sai da aka ƙara ƙafafun tagulla. A ƙirga ramukan allo a ƙirga ƙafafu, su zo daidai. Ƙafa ɗaya da ta tsaya inda babu rami za ta taɓa bayan allo ta haɗa wuta, kwamfutar da ta yi aiki a kan kwali ta ƙi tashi a cikin akwati.

An ƙara sandar RAM ta biyu ta gigabait 8 mai gudu ɗaya da ta farko, aka sa su a rami na biyu da na huɗu daga furosesa kamar yadda littafin allon ya nuna. Wannan ya fi muhimmanci a nan saboda babu katin hoto: sashen hoto na UHD 630 da ke cikin 8700 daga RAM yake ɗiba, layi biyun da sanda biyu ke buɗewa kuma yana ninka masa hanya. Da furosesan mai harafin F ne a ƙarshe, irin i5-9400F, da babu hoto sam sai an sayi kati, ko da allon ya dace.

Da aka jona tsohon diski, allon ya ce bai ga abin tashi ba. Windows ɗin an saka ta ne a tsohon tsarin MBR, sabon allon kuma a sabon tsarin UEFI kaɗai yake nema. Kunna CSM a BIOS, saitin da ke barin allo ya tashi da tsohon tsari, ya tayar da ita, aka kwashe hotuna da bidiyon mutane zuwa wani diski. Akwai umarnin mbr2gpt da ke mayar da diski GPT, tsarin da ke tafiya da UEFI, ba tare da gogewa ba, amma tunda an sayi SSD na M.2 mai gigabait 256, an gwammace sabuwar sakawa: aka kashe CSM, aka kunna Intel PTT wanda shi ne TPM 2.0 na cikin allo, sashen tsaro da Windows 11 ke buƙata, aka kunna Secure Boot, aka saka Windows 11 a kan SSD, tsohon diskin ya zama ma'ajiyar bidiyo. Lasisin Windows yana ɗaure ne da madabod, don haka canza allo yana sa ta nemi a sake tabbatar da shi. Wanda ya haɗa lasisinsa da asusun Microsoft tun kafin canji ya fi samun sauƙi.

An bar MemTest86 ya zagaya RAM ba kuskure, sannan aka fitar da bidiyon biki na gaske da tsakar rana ana kallon zafi da gudu a manhajar HWiNFO. Zafi ya tsaya tsakanin digiri 75 da 80, gudu bai faɗi ba, aikin da ke kai rabin dare ya ƙare tun kafin a rufe shago. Wani ɓangare na saurin ya zo ne daga kunna Quick Sync, sashen furosesa da ke hanzarta fitar da bidiyo, a manhajar haɗa bidiyo, abin da tsohon i3 ma yake da shi amma ba a taɓa kunnawa ba.

Abu ɗaya ya rage. Tsohuwar firintar hotunan fasfo ba ta da manhajar direba mai aiki da kyau a Windows 11. Maimakon a sayi wata, an haɗa tsohon H110 da i3-6100 a wani akwati na hannu da RAM ta gigabait 4 da ƙaramin diski, aka bar masa Windows 10 ba tare da intanet ba, firintar na jone da shi. Ana kai masa hotuna da filas, kuma an ce wa yaron shagon ya riƙa hura ƙurar fankokin kwamfutocin biyu duk wata idan hunturu ya shigo, yana riƙe da fiffiken fanka da yatsa kada iska ta juya ta.